Izini da Zato a Bakin Titin Jirgi

Daga cikin al'amuran wannan zamani waɗanda suka cancanci mai hankali ya tsaya ya yi tafakkuri a kansu, akwai wani abu da yake aukuwa dare da rana a kowane babban filin jirgin sama na duniya, wanda yawan aukuwarsa ya sa ba a ko lura da shi. Matuƙi ne, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen koyon sana'arsa har ya san jirginsa ciki da bai, ya duba mai, ya duba iska, ya sa an rufe ƙofofi a kan ɗaruruwan rayuka, sa'an nan ya kawo jirgin bakin titin tashi ya taka birki ya tsaya cik, alhali kuwa babu abin da ya lalace, yana jiran kalma guda daga bakin wani mutum da yake zaune a hasumiya, wanda mai yiwuwa ne bai taɓa tuƙa jirgi ba ko sau ɗaya, mai yiwuwa ne kuma a haife matuƙin ya haife shi. Mas'alar da nake so mu duba ita ce, da wane dalili masani zai tsaya jiran izinin wanda bai kai shi sani ba, kuma shin wannan jira tauye hankali ne da aka ɗora wa mutum bisa tilas, ko kuwa hankalin da kansa ne yake hukunta shi?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa izinin da muke magana a kansa hawa-hawa ne. Tun kafin a ta da inji, matuƙi yakan kira ya nemi izinin hanya, a faɗa masa garin da aka yarda ya nufa, da hanyar da zai bi in ya ɗaga, da iyakar tsawon da zai fara hawa ya dakata, da tashar rediyon da zai koma, da wata lamba mai alƙaluma huɗu wadda zai sa a na'urarsa domin masu duban rada su bambanta shi da sauran jirage. Bayan wannan akwai izinin ta da inji da ja da baya, akwai izinin gangarawa ta hanyoyin da aka ambata masa, akwai izinin shiga titi ya daidaita hancin jirgi ya jira, sa'an nan daga ƙarshe izinin tashi. Kowanne daga cikinsu in an faɗa masa wajibi ne ya maimaita shi da bakinsa, ya haɗa da sunan da ake kiran jirginsa da shi, na hasumiya kuwa ya kasa kunne ya ji ko an maimaita daidai. Hukumar da take tsara waɗannan ƙa'idodi ga duniya baki ɗaya ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Shikago a 1944, mazauninta kuma yana Mantiriyal ta ƙasar Kanada. Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne, izinin hanya yana gaya wa mutum inda zai bi in ya tashi, amma bai ce masa ya tashi ba. A tsakanin waɗannan izini biyu ne aka yi asarar rayuka mafi yawa da aka taɓa yi a hatsarin jiragen sama.

Ranar Lahadi, 27 ga Maris, 1977, wani bam ya fashe a filin jirgin Las Falmas, a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya waɗanda suke cikin teku yamma da gaɓar Maroko, saboda haka aka rufe filin, aka karkatar da jiragen da suka nufo shi zuwa wani ƙaramin fili mai suna Los Rodeos a tsibirin Tenerif. Cikinsu har da manyan jirage biyu samfurin Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM daga Amsterdam ta ƙasar Holan, ɗaya na kamfanin Pan Am wanda ya taso daga Los Anjeles ya biyo ta New York. Filin yana kan tudu mai tsawon fiye da mita 600, inda gizagizai sukan sauko su kwanta a ƙasa ba sallama, ba shi kuwa da rada mai nuna abin da yake tafiya a ƙasa, ga shi jirage sun cika shi har sun toshe hanyar gangarawa, ta yadda duk wanda zai tashi dole ya bi ta kan titin tashin kansa zuwa ƙarshensa, ya juyo. Da aka buɗe Las Falmas, aka umarci jirgin KLM ya bi titin har ƙurewa ya juyo ya jira, aka umarci na Pan Am ya biyo bayansa ya fita ta mafita ta uku. Ana cikin haka hazo ya rufe, har na hasumiya ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu, su ma ba sa ganin juna, na Pan Am kuwa ya wuce mafitar da aka ambata masa yana laluben ta gaba.

Matuƙin KLM, Kyaftin Jacob Veldhuyzen van Zanten, ba ƙaramin mutum ba ne a sana'arsa, domin shi ne shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin, hotonsa ne ma kamfanin yake talla da shi, kuma mataimakin da yake zaune a damansa a wannan rana shi ya jarraba shi ya ba shi shaidar cancanta. Da ya juyo da jirgin ya fara tura wuta, sai mataimakin ya tunatar da shi cewa ba su karɓi izini ba tukuna. Ya ce ya sani, ya umarce shi ya nema. Na hasumiya ya karanto musu izinin hanya, watau inda za su nufa da tsawon da za su hau bayan sun tashi. Mataimakin bai gama maimaitawa ba kyaftin ya saki birki, shi kuwa ya rufe maimaicinsa da wata magana mai harshen damo wadda za a iya fahimtarta da cewa suna wurin tashi, a kuma iya fahimtarta da cewa suna tashi. Na hasumiya ya ɗauki ma'ana ta farko, ya amsa da kalmar da take daidai da "to", ya ɗan numfasa, ya ce su dakata zai kira su. A daidai wannan lokaci matuƙan Pan Am, da hankalinsu ya tashi, suka yi magana su ma cewa har yanzu suna kan titi. Maganganun biyu suka haɗu a tasha ɗaya suka zama ƙara mai tsini a kunnen mutanen KLM, babu abin da ya isa gare su sarai sai wannan "to". Injiniyan jirgin, wanda ya tsinkayi wata magana daga baya, ya tambaya ko na Pan Am bai fita ba tukuna, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Da misalin ƙarfe 5:06 na yamma jiragen suka haɗu. Mutum 248 da suke cikin na KLM babu wanda ya tsira, daga cikin 396 na Pan Am 61 suka rayu, jimillar mamata 583.

Masu binciken Sifaniya sun ce asalin musibar shi ne tashi ba da izini ba, na Holan suka fi nauyaya rashin fahimtar juna, daga bisani kamfanin KLM ya ɗauki alhaki ya biya diyya. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan mutum bai yi nufin saɓa wa kowa ba. Da a ce ya san ba a ba shi izini ba ya ce duk da haka sai ya tashi, da mas'alar ta yi sauƙi, mu kira shi mai taurin kai mu wuce. Amma dukkan alamu sun nuna ya tashi ne yana mai sakankancewa an ba shi. Malaman usulu sun kasa abin da zuciya take riƙewa kashi huɗu: yaƙini, da zato mai rinjaye, da shakka wadda ɓangarorinta biyu suka yi kunnen doki, da wahami wanda shi ne ɓangaren da aka rinjaya. Sun kuma yi gargaɗi game da wani hali na biyar wanda ya fi duka haɗari, shi ne mutum ya ƙudurce abu tabbas alhali ba haka yake ba, abin da suke kira jahilci murakkabi, domin mai shi bai sani ba, bai kuma san bai sani ba, saboda haka ba ya tambaya. A cikin zuciya yaƙini na gaskiya da na ƙarya ɗanɗanonsu ɗaya ne, kuma wannan ne ya sa ba za a iya barin mutum, kome iliminsa, ya zama shi ne alƙalin yaƙininsa a kan abin da ya shafi ran wani ba.

In an tambaya daga ina wannan yaƙini na ƙarya ya zo masa, sai mu ce daga bukata. Dokar Holan ta tsananta iyakar sa'o'in da ma'aikatan jirgi za su yi suna aiki, lokaci yana ƙure musu, hazo yana ƙara kauri, in filin ya rufe sai kwana ya kama su da fasinjoji fiye da ɗari biyu a tsibirin da ba a shirya saukar su ba. Dukkan waɗannan damuwoyi ne na mutumin kirki mai son sauke nauyin da aka ɗora masa, babu son zuciya na ƙasƙanci a cikinsu, amma kunnen mai bukata yakan ji abin da yake so ya ji, ya tsinci kalma ɗaya daga cikin magana ya gina hukunci a kanta. Wannan hali ya sami waɗanda suka fi mu daraja nesa ba kusa ba. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya umarce su kada su bar wurin, ko an ci nasara ko an sha kashi, har sai ya aiko musu. Da suka ga abokan gaba sun juya baya, mafi yawansu suka yi ijtihadi cewa maƙasudin umarnin ya riga ya cika, suka sauko, shugabansu yana tunatar da su. Halidu ɗan Walidu ya zagayo da dawaki ta wannan kafa, aka yi shahidai wajen 70, cikinsu har da Sayyidina Hamza. Allah ya yafe musu, ya kuma yarda da su, ba mu kuwa ambaci wannan don mu rage musu daraja ba. Abin lura shi ne idonsu bai yi musu ƙarya ba, abokan gaba sun gudu da gaske. Kuskuren yana wajen ɗaukar abin da ido ya gani a matsayin saƙon da aka ce su jira.

To, a nan mai jayayya yana da magana mai ƙarfi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Zai ce, an saba kafa hujjar biyayya ga hasumiya da cewa na sama yana hango abin da na ƙasa ba ya gani, amma a Tenerif na hasumiya makaho ne kamar kowa, hazon da ya rufe matuƙi shi ya rufe shi, to da me ya fi shi har za a jira bakinsa? Amsar da nake ganin ita ce gaskiya, bai fi shi da kome ba, kuma izini tun asali bai dogara ga fifiko ba. Ilimin abin da yake kan titi a wannan yammaci a rarrabe yake: mutanen Pan Am sun san suna kai, mutanen KLM sun san sun shirya, babu ɗayansu da ya san abin da ɗayan ya sani. Wuri guda kaɗai waɗannan gutsattsarin ilimi suke haɗuwa, shi ne kunnen mutumin da kowa ya yi alkawarin zai gaya masa inda yake, kowa kuma ya yi alkawarin ba zai motsa ba sai ya ce. Darajar maganarsa daga wannan alkawari take, kamar yadda ƙarfin hukuncin alƙali bai rataya ga cewa ya fi masu shari'a sanin abin da ya gudana tsakaninsu ba. Saboda haka wanda ya tashi ba izini, haƙƙin da ya taka ba na mutumin hasumiya ba ne, na mutanen da suke cikin hazo ne waɗanda suka miƙa wuyansu ga tsarin bisa amincewa kowa zai tsaya inda aka tsayar da shi. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma ban san inda wannan magana ta fi dacewa ba kamar nan, domin da a ce jirgin Pan Am ya riga ya fita, aka tashi lafiya aka sauka lafiya, da laifin yana nan daram, sai dai babu wanda zai ji labarinsa.

Shari'a ta riga ta koya mana wannan a babin neman izinin shiga gida, wanda hukuncinsa ya zo a Suratun Nur. Mai sallama yana iya sanin maigidan tun suna yara, yana iya rantsewa za a yi murna da zuwansa, duk da haka an ce ya nema sau uku, in bai ji an amsa ba ya koma, kamar yadda Abu Musal Ash'ari ya yi a ƙofar Sayyidina Umaru. Shiru ba a lissafa shi amsa ba, sabo kuma bai zama mabuɗi ba, domin abin da ake tsarewa na mutanen ciki ne. An kuma ruwaito cewa Jabiru ɗan Abdullahi ya ƙwanƙwasa ƙofar Annabi, aka tambaya wane ne, ya ce shi ne, ba tare da ya faɗi suna ba, Annabi ya nuna ƙin wannan amsa. Wanda ya san dalilin da ya sa ake tilasta wa matuƙi ya ambaci sunan jirginsa a kowace magana, ba zai rasa gane hikimar ba.

Gyaran da aka yi bayan Tenerif ya bi ta kan lafazi. Aka keɓe kalmar tashi, aka hana furta ta a rediyo sai a lokacin ba da izinin tashin kansa ko janye shi, a sauran wurare duka a yi amfani da wata kalma dabam. Aka kuma hana amsa umarni da irin su "to" ko "na ji", sai an maimaita gundarinsa. Wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya zai ga wannan ba baƙon abu ba ne, domin malamanmu sun yarda ciniki ya ƙullu da duk abin da yake nuna yarda, ko da miƙa kuɗi ne a karɓi kaya ba a ce uffan ba, amma da suka zo kan aure sai suka ƙuntata, suka sharɗanta siga da lafazi sananne da shaidu, saboda abin da yake rataye da shi na nasaba da mutunci ya fi ƙarfin a bar shi ga alama da fahimta. Gwargwadon girman abin da za a rasa, gwargwadon yadda ake ƙuntata ƙofar tawili.

Sai dai kada a fahimci cewa samun izini yana sauke taklifi daga wuyan wanda aka ba. Izini halattawa ne, bai kai wajabtawa ba, kuma dokar jiragen sama da kanta ta bar hukunci na ƙarshe game da lafiyar jirgi a hannun matuƙi. Mu a nan muna da tabon da yake tuna mana wannan. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zai tafi Sakkwato da mutum 105, hadari ya haɗo, iska tana kaɗawa tana sauya fuska, an sanar da matuƙa halin da ake ciki, an kuma ba su izini. Jim kaɗan da ɗagawarsa ya faɗi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu da rahama. Rahoton bincike ya ambaci shawarar tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau a cikin musabbaban hatsarin. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne, amma imani da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi bawa game da sababin da aka damƙa a hannunsa ba. Mai ba da izinin ma mutum ne, yana mantuwa: a Los Anjeles, ranar 1 ga Fabrairu, 1991, an umarci wani ƙaramin jirgi ya shiga titi ya jira, ya shiga ya jira kamar yadda aka ce, aka shagala aka manta da shi, aka ba wani babban jirgi izinin sauka a kan titin, mutum 35 suka mutu, masu bincike kuwa suka ɗora mafi nauyin laifin a kan tsarin aikin hasumiyar wanda ya bar mutum ɗaya ba mai tallafa masa in ya yi tuntuɓe. Wanda yake jira ma ba a ɗauke masa buɗe ido da kasa kunne ba.

Akwai mutum biyu a cikin jirgin KLM waɗanda tunaninsu ba ya barina, mataimaki da injiniya. Ɗaya ya yi magana sau ɗaya aka saurare shi, bai sake ba. Ɗaya ya kawo shakkarsa a siffar tambaya, aka amsa masa da ƙarfi, ya yi shiru, alhali shakkarsa ita ce ilimi mafi inganci da yake cikin ɗakin matuƙa a wannan lokaci. Ba na zarginsu, domin na san nauyin da yake kan harshen ƙarami in yana gaban malamin da ya ba shi ijaza, mu da muka tashi cikin tarbiyyar sunkuyar da kai gaban na gaba mun fi kowa saninsa. Saboda irin wannan ne hukumar NASA ta Amurka ta tara masana a 1979, kamfanin jiragen sama na United kuma ya fara horo na musamman a 1981, wanda yanzu ya game duniya, inda ake koya wa ƙarami ya faɗi abin da ya gani a fili da lafazin da ba ya ɗaukar tawili, ya maimaita in ba a ji ba, ake kuma koya wa babba cewa tambayar na ƙasa da shi dalili ce ta tsayawa a bincika. Waɗansu suna ganin wannan ya saɓa wa ladabi, ni kuwa ina ganin ladabin ne aka mayar mazauninsa, domin magabatanmu sun san yadda ake haɗa girmamawa da faɗar gaskiya. A ranar Badar, da rundunar Musulmi ta sauka a wani wuri, Hubabu ɗan Munziru ya tambayi Annabi ko wannan masauki wahayi ne wanda ba su da ikon gusawa daga gare shi, ko kuwa ra'ayi ne da dabarar yaƙi. Da aka ce masa ra'ayi ne, ya faɗi a fili cewa wurin bai dace ba, ya nuna rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, Annabi kuwa ya karɓi shawararsa ya tashi da rundunar zuwa can.